Mai nuna hanya ne ko dillali? Google da satar waƙoƙi a intanet

Kwanakin baya wani ɗan Zabori da ke neman abinci a Kwatano ya aiko mana da saƙon murya, daga jin muryar ka san ransa a ɓace yake. Kewar gida ce ta kama shi cikin dare, sai ya buga sunan wani tsohon makaɗin noma na yankinmu a wayarsa, ko Allah zai sa ya dace. Ya kuwa dace. Waƙar da mu da kanmu muka naɗa a wajen wata gayya shekarun baya, muke sa ta a iska duk damina, ita ce ta fito, har da ɗan tarin da tsohon ya yi kafin ƴan amshi su karɓa. Sai dai shafin da take kai na wani ne da babu wanda ya san shi a nan, kuma kafin ganga ta fara sai da aka nuna masa talla. Tsohon yana nan da ransa. Babbar waya ba ya da ita, kuma ko dala ba ta taɓa zuwa hannunsa daga wannan waƙa ba.

Ga tambayar ɗan uwan namu yadda ya faɗe ta: "To, shi ɓarawon na bar shi da Allah. Amma shi wanda ya kai ni ƙofar ɓarawon hwa, ba shi da laifi?"

Wannan tambaya ta fi shekara ashirin tana yawo a kotuna da majalisun Amurka da Turai, kuma har yau ba a gama da ita ba. Mun ga ya dace mu warware muku ita daki-daki, don ta shafi mawaƙanmu, ta shafi ƴan fim ɗin Kano da muke kallo kullum, ta kuma shafi yaran nan masu tura waƙa a memori ranar kasuwa.

Mu fara da rabe mutanen da ke ciki, don su uku ne. Akwai wanda ya ɗauki waƙar da ba tasa ba ya ɗora. Akwai mai gidan da aka ajiye ta, wato shafin da ke riƙe da ita a cikin kwamfutocinsa. Na uku shi ne mai nuna hanya, wato shafin bincike irin su Google, wanda ƴan jarida ke yi wa kirari da matambayi ba ya ɓata, ko Bing na kamfanin Microsoft. Shi wannan na uku ba a wurinsa waƙar take ba. Yana da na'urori da ke zagaya intanet dare da rana suna rubuta adireshin duk shafin da suka tarar da abin da ke cikinsa, kamar magatakardan da ke riƙe da littafin gidajen gari. In ka buga suna, cikin wannan littafi yake dubawa ya jero maka adireshi, na sama kuma shi mutane suka fi taɓawa. A duniya, cikin bincike goma kusan tara a Google ake yin su. Kuma abin da ke rikita mutane shi ne tun 2006 Google ya sayi YouTube, ke nan kamfani ɗaya ne ke nuna hanya, shi ne kuma mai gida mafi girma a harkar bidiyo.

Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san bambancin da ake gardama a kansa. In ka sayi sa, bayan kwana biyu aka zo aka ce na sata ne, dillali ake fara kamawa. Shi ya haɗa cinikin, shi ya karɓi la'ada, saboda haka dole ya fito da wanda ya kawo masa dabbar, ko ya biya. Amma yaron da ka tare a tasha ka ce ya nuna maka gidan wane, ya nuna maka da yatsa ya wuce, babu alƙalin da zai kira shi ko da gidan na ɓarayi ne. Google cewa yake shi yaron tasha ne. Kamfanonin waƙa da na fim suna cewa: yaron da ya san kowane gida a duniya, shi ke zaɓar wanda zai fara nuna maka, kuma a kan hanyar ne yake karɓar kuɗin talla, ai wannan ya wuce yaro, dillali ne da ya ƙi amsa sunansa.

Dokar da ta ba shi mafaka

A watan Oktoba na 1998, ƙasa da wata biyu bayan kafa kamfanin Google, shugaban Amurka Bill Clinton ya sa hannu a wata doka da aka fi sani da DMCA. Ita ce uwar zancen, don manyan kamfanonin nan duk a Amurka suke, kuma da ita suke aiki da kowa, har da mu. Dokar ta ce mai gida da mai nuna hanya ba su da tilas su riƙa binciken abin da mutane ke ɗorawa. Amma in mai haƙƙi ya rubuto ya ce ga kayana a adireshi kaza ba da izinina ba, to su cire da gaggawa. In sun cire, ba za a ci su tara ba. A taƙaice, nauyin gadi yana kan mai kaya. Shi zai nemo, shi zai rubuta, adireshi bayan adireshi.

Manyan kamfanoni suka ce to, mu zuba. Suka ɗauko wasu kamfanonin da ba su da aiki sai farautar adireshi da na'ura suna aika wa Google. Tun 2012 Google ke wallafa lissafin waɗannan buƙatu, kuma a ƙarshen 2024 jimillar adireshin da aka nemi ya cire ta haura miliyar 10, wato biliyan 10 a faɗar ƴan Najeriya. Adadin da kansa ya isa ya nuna maka cewa ɗiban ruwa ake da kwando. Cire adireshi daga littafin Google ba ya goge waƙar, tana nan a gidan da take. Mai shafin sai ya canza harafi ɗaya a adireshin, gobe na'urar Google ta sake rubuta shi a matsayin sabo, mai haƙƙi kuma ya sake zama ya rubuta takarda.

Da matsi ya yi yawa, a watan Agusta na 2012 Google ya sanar cewa shafin da aka cika kawo ƙararsa za a riƙa tura shi ƙasa a jerin sakamako. A 2017 a Ingila, Google da Bing suka shiga yarjejeniya da kamfanonin waƙa da na fim a kan haka. Ya rage, bai hana ba.

An kuma gwada ta ƙarfi. A ƙarshen 2011 aka kawo wani ƙudiri a majalisar Amurka mai suna SOPA, wanda zai ba kotu damar tilasta wa shafukan bincike su shafe shafi sukutum daga littafinsu. Ranar 18 ga Janairu 2012 shafin Wikipedia na Ingilishi ya rufe kansa yini guda don nuna adawa, Google ya rufe tambarinsa da baƙi, miliyoyin mutane suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, cikin kwana biyu aka jingine ƙudirin. Tsoron masu adawa shi ne wuƙar da aka wasa don ɓarawon fim gobe da ita za a yanka shafin ɗan jarida. Kafin wannan, kamfanin Viacom ya kai YouTube kotu a 2007 yana neman dala miliyar ɗaya (dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba). Shekara bakwai ana shari'a, a 2014 suka sasanta a waje. Turai ce ta ɗan matsa gaba: dokar Tarayyar Turai ta 2019 ta ɗora wa masu gida irin YouTube nauyin su nemi izinin masu haƙƙi, su kuma yi iya ƙoƙarinsu kada abin da aka cire ya sake dawowa. Da wannan dokar ce jaridun Faransa suka samu ƙafar neman kuɗi a kan labaransu da ke fitowa a bincike, har hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta ci Google tarar yuro miliyan 500 a 2021 don bai yi ciniki da su da zuciya ɗaya ba. In ka juya shi zuwa kuɗinmu, ya kai sefa miliyar 328.

Duk waɗannan rigingimu na manya ne, masu lauyoyi. Mu dawo kusa.

Abin da ya faru da Kano

Waɗanda suka manyanta sun tuna zamanin kaset. Tun daga Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa a kasuwa yake cin abinci: a buga kaset, daga baya faifan CD, ƴan kasuwar Ƙofar Wambai su saya su rarraba, ya bi mota ya iso Sakkwato, Birnin Kebbi, Kamba, ya ƙetaro mana. Ko a lokacin akwai masu kwafa, amma mai kwafa sai ya sayi na'ura da faifai, ya kuma samu rumfa, ana iya zuwa a kama shi. Da babbar waya da memori suka zo, kasuwar faifai ta mutu murus cikin ƴan shekaru. Fim ya fito da safe, kafin la'asar yana wayoyin mutane. Furodusoshi da dama suka bar sana'ar.

Waɗanda suka rage suka koma fim mai dogon zango. Izzar So na Lawan Ahmad ya fara fita a tashar Bakori TV ta YouTube a 2020, Labarina na Aminu Saira shi ma a shekarar, a Arewa24 da kuma tashar Saira Movies. Yanzu kuɗin daga talla yake zuwa: YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka sa a bidiyonsa. Ke nan duk wanda ya sauke fim ɗin daga wani shafin sata, ko ya kalle shi a tashar wani da ya sake ɗora shi, ya rage wa masu shi abinci kai tsaye. Kun ga inda aka kwana: a gidan Google ɗan fim ke cin tuwo, kuma Google ɗin ne zai roƙa ya daina nuna wa mutane ƙofar masu sace masa. Wanda ke ci a hannunka ba ya ɗaga maka murya sosai.

A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Masana'antar da ke kukan satar fasaha ita ma ta daɗe tana ɗaukar karin waƙoƙi da labaran fina-finan Indiya, ga kuma fassarar Indiya-Hausa da ta cika wayoyi, wadda ba kowace ce aka nemi izinin masu ita ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Najeriya ta sake dokarta. Ranar 17 ga Maris 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta maye gurbin ta 1988. Ta ɗauko tsarin nan na a sanar a cire, ta haɗa da masu nuna hanya, ta kuma ba hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasar, NCC, ikon sa a toshe shafin da ke satar fasaha. A dokar tasu haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan magadansa na da magana a kan waƙoƙinsa har 2069. Ku buga sunansa a waya ku ƙirga tashoshin da ke ɗauke da shi, ku tambayi kanku nawa ne a ciki suka san gidansa.

Mu a Nijar muna da ofishin haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai, wanda aka kafa a 1995, da dokar 23 ga Disamba 2010 da ta kare mawallafa da masu kiɗa, har da abubuwan gargajiya da muka gada. Benin na da nata ofishin, BUBEDRA. Mu da Benin muna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yaounde, Najeriya ba ta ciki, amma dukanmu uku mun shiga yarjejeniyar Berne ta duniya, wadda ta ce daga ranar da ka ƙirƙiri abu naka ne, ba sai ka yi rajista ba. A takarda dai tsohonmu yana da haƙƙi a Kwatano, a Legas, har a Amurka. Matsalar ita ce alƙalin Gaya ko na Dosso ba shi da ɗan sandan da zai aika Kalifoniya, kuma mai shafin satar ba a san ma ƙasar da yake ba. Lokacin da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, manyan motoci sun yi layi wata da watanni, amma ba mu ji waƙa ɗaya da ta kwana a bakin gada ba.

To a bar wa Google gadin mana?

Nan ne muke so ku saurara da kyau, don abin da ya fi kama da magani shi ma yana da dafinsa.

YouTube na da wata na'ura da ya fara aiki da ita a 2007, ana ce mata Content ID. Mai haƙƙi zai ba ta waƙarsa, ta haddace sautin kamar yadda makiyayi ke gane kukan saniyarsa cikin garke. Duk wanda ya ɗora waƙar, ko a bikin aure take tashi a bayan fage, na'urar za ta gane. Daga nan mai haƙƙi na da zaɓi: ya toshe bidiyon, ko ya bar shi kuɗin tallar ya riƙa zuwa aljihunsa. Yawancinsu na biyun suke zaɓa. A rahoton da YouTube ya fitar na wata shidan farko na 2021, an yi da'awar haƙƙi sama da miliyan 700, kusan duka ta wannan na'ura, alhali masu izinin amfani da ita ba su kai dubu goma ba a duk duniya. Manyan kamfanoni ne da dillalansu. Kowa da kowa, irin tsohonmu, abin da aka ba shi takardar cikewa ce, ita kuma abu ɗaya ta sani: a cire. Babu gurbin da za ka rubuta "a bar ta, a biya ni".

Na'ura kuma ba ta san gaskiya ba, wanda ya riga kai mata sauti ta sani. A jihar Arizona ta Amurka an gurfanar da wasu mutum biyu da suka yi da'awar waƙoƙi sama da dubu 50 na mawaƙan Latin Amurka, suka kwashi sama da dala miliyan 20 daga 2017 zuwa 2021 kafin asirinsu ya tonu, kotu ta ɗaure su. Mawaƙan da suka sace wa suna da waya, suna da intanet, wasunsu sanannu ne, amma shekara huɗu ana cin kuɗinsu. To ina ga makaɗin gurmi ko mai kalangu da ke ƙauye? In wani ya riga shi kai waƙarsa ta hannun dillalin da ke da izini, ranar da jikansa ya ɗora ta, jikan ne na'ura za ta kira ɓarawo. A dokar YouTube kuwa, tashar da aka yi wa gargaɗin haƙƙin mallaka sau uku cikin kwana 90 rufe ta ake yi. Waƙoƙin gado ma sun fi shiga haɗari. Waƙar daka, waƙar gaɗa, kirarin ƴan kokowa, wa ya ƙirƙire su? Dokarmu ta 2010 ta san da su a matsayin gadon al'umma, na'urar ba ta san wannan ba.

Ita ma takardar cikewar ana yin mugunta da ita. A watan Nuwamba na 2023 Google da kansa ya kai wasu mutum biyu ƴan Biyetnam ƙara, yana zarginsu da aika takardun ƙarya don a cire adireshi sama da dubu 117, yawanci na abokan gasarsu a kasuwanci. Ana kuma samun masu amfani da ita don ɓatar da labarin jarida da ya tona musu asiri: sai su kwafi labarin a wani shafi, su sa masa tsohon kwanan wata, su ce nasu aka sata. Mu da muke aikin watsa labarai wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Shi ya sa in muka ji ana cewa a ba kamfani wuƙa da nama ya riƙa yanke hukuncin wane ne mai gaskiya, sai gabanmu ya faɗi.

Akwai kuma wani ƙarin takaici. YouTube ba a kowace ƙasa yake raba kuɗin talla da masu tashoshi ba. Shekara da shekaru jerin ƙasashen da ya amince da su na ɗauke da Najeriya, Gana, Senegal da wasu, babu Nijar, babu Benin. Ko a inda ake biya, sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin ta shiga rabon talla. Ke nan mai sata da ke zaune inda ake biya yana iya cin kuɗin waƙar da mai ita, a gidansa, ba zai iya ci ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Rumfar mai tura waƙa

In muka tsaya a kan Google kaɗai mun yi wa kanmu ƙarya, don mafi yawan waƙoƙi da fina-finan da ke wayoyin Zabori da Karakara ba ta bincike suka shigo ba. Ta rumfar yaron nan suka shigo, mai kwamfuta da faifan sola, wanda za ka miƙa wa memori da ƴan daloli ya cika maka. Daga nan sai Xender, sai Bluetooth, sai WhatsApp, inda saƙo a kulle yake tafiya, kamfanin ma ba ya ganin abin da ke ciki. Babu takardar ƙorafi da ke isa can. In ka yi musu magana sai su ce: "Mi munka yi? Ai ba mu munka ɗora ba, tarar da shi munka yi." Da gaskiyarsu ta wani gefen. Sana'ar ta hana yara da dama zaman banza ko tafiya Libiya, kuma manomin da ba ya da katin banki, rezo ma sai ya hau tudu, ta wace hanya zai sayi fim ta halal ko da yana so? Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kuma a lura: shi yaron sau ɗaya yake sauke fim ɗin, in ya je Gaya ko Kamba inda rezo ke da ƙarfi, daga shafin da ya samo ta hanyar bincike, sannan ya raba wa mutum ɗari. Shafin binciken shi ne bakin rijiyar, ko da masu shan ruwan ba su taɓa ganinsa ba.

Ba kullum yawon memori ke zama asara ba. Mdou Moctar, mai jita ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko a 2008, suka bazu daga waya zuwa waya har arewacin Mali, sau da yawa ba tare da sunansa ba. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a wayoyin mutanen Kidal, ya sa ta cikin wani faifai da ya fitar a 2011. Yau Mdou Moctar na zagaya Amurka da Turai da jitarsa. Abin da ya bambanta wannan labari da na tsohonmu shi ne Kirkley ya bi sawu ya nemo mawaƙan, ya nemi yardarsu, ya biya su kasonsu. Mutum ne ya yi wannan, da ƙafarsa da wayarsa.

Wasu masu sauraro sun tambaye mu ta fuskar addini. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a ci ta ba. Malamin da ya ce a yaɗa wa'azinsa kyauta, kyautarsa ce ya yi. Wannan bai ba wani damar sa wa karatun talla ya ci kuɗi da sunansa ba.

Mu kanmu gidajen rediyo ba mu fita ba. Da muryoyin mutanen nan muke cika iska, kuma doka ta ce mai amfani da waƙa a bainar jama'a ya biya ta hannun BNDA. Waƙar gayyar nan ma daga ɗakinmu ta fita, ta hannun wa, Allah masani. Lokacin da muka naɗe ta ko takarda ba mu rubuta da tsohon ba.

Ra'ayinmu dai shi ne uzurin yaron tasha ya daina wadatarwa. Kamfanin da ke iya gane waƙa cikin daƙiƙa don ya sa mata talla yana iya hana ta komawa saman jeri bayan mai ita ya yi magana sau ɗaya. Yana kuma iya buɗe wa ofisoshi irin BNDA ƙofar na'urar nan, su tsaya wa ƙananan mawaƙa, ya sa ƙasashenmu cikin waɗanda ake biya. Amma yanke hukuncin wane ne mai waƙa in an yi jayayya, wannan aikin mutanen da suka san waƙar ne da alƙalai. Wannan magana sai gwamnatoci sun haɗa kai za ta yi nauyi, don Faransa ma da ƙarfin Tarayyar Turai ta ja Google zuwa teburi.

Kafin nan, ga abin da ke hannunmu, musamman ku ƴan uwa da ke Kwatano, Lome, Akara, Abijan da Legas, ku da ke da rezo da ƴan karatu. Takardar ƙorafi ta Google da ta YouTube kyauta ce, ana samun ta da Faransanci da Ingilishi, kuma wakili na iya cikewa in mai haƙƙi ya ba shi izini. Za a nemi adireshin kowane shafi ɗaya bayan ɗaya, da bayanin aikin na asali, da rantsuwa cewa gaskiya ka faɗa. Kada ka cike a kan abin da ba ka tabbatar ba, don ƙarya a nan na iya komawa kanka. Ka sani kuma ana iya nuna wa wanda ka kai ƙara sunanka. In ya musa ya aiko da tasa takardar, kana da kwana goma na aiki ka nuna ka shigar da ƙara kotu, in ba haka ba a mayar da bidiyon. A nan hanyar talaka ta kan ƙare. Shi ya sa shaida tun farko ta fi komai: mawaƙi ya ajiye naɗin asali, a rubuta rana da wuri da sunayen ƴan amshi, a faɗi sunansa da garinsa cikin naɗin kansa yadda ba za a iya gogewa ba, in da hali ya kai ayyukansa BNDA a rubuta su. Mai kallon fim kuma, in yana da mega, ya nemi tashar masu fim ɗin ta asali ya kalla a can.

Mun je mun samu tsohon a gida da wannan bayani, muka kunna masa waƙar a waya. Ya saurara har ƙarshe, yana kiran sunayen ƴan amshin da suka riga mu gidan gaskiya. Da muka ce za a iya rubutawa a cire ta, sai ya ce a'a, in an cire yaran da ke bariki da me za su tuna gida? Abin da yake so a sa sunayen mutanensa, in kuma akwai wani abu da ke fitowa a aiko masa da nasa. Mun gaya masa takardar ba ta da wannan gurbin. An tsaya a kan cewa ɗansa da ke aiki a Birnin Kebbi zai buɗe tasha da sunan mahaifin, mu kuma za mu ba shi naɗin asali da sauran guda huɗu da ke cikin akwatinmu, wannan karon da takarda da shaidu. Sai ta hau sannan ɗan uwanmu na Kwatano zai cike ƙorafi a kan waccan.